Janareta Ba Abokin Kwana Ba Ne

Wata asuba cikin hunturun bara, ladan bai ma yi kiran farko ba, aka buga mana ƙofar asibiti. Kurkura ce ta kawo mutum biyu, direban tirela da yaron motarsa. Direban yana iya magana, sai dai ya dafe kai da hannu bibbiyu yana cewa kamar ana sara masa gatari. Yaron kuwa, wanda bai wuce shekara 19 ba, ranga-ranga aka shigo da shi, amai ya ɓata masa riga, ana kiran sunansa ba ya amsawa. Waɗanda suka rako su bakinsu ɗaya: ai tsiren da suka ci da dare ne.

Na ce da direban, "Oga, ina kuka kwana?" Ya ce ƙarƙashin mota, nan hanyar Kwangwalam, suna jiran gari ya waye. Sanyi ya matsa, sai suka sauko da tamfol ta kowane gefe, suka danne bakinsa da duwatsu, suka shimfiɗa tabarma. Na ce to ina janaretan? Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Yana ciki, Malam, wajen ƙafafunmu. Caji muke yi, kuma ka san halin ɓarayi."

Fitsari ne ya zama sanadin tsirarsu. Shi ya tashi direban cikin dare, ya rarrafo waje, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a gefen taya, mai shayi ya hango shi ya yi kururuwa. Da barcin ya zarce da shi, da wani labarin nake ba ku yanzu. Yaron mun tura shi babban asibiti, ya kwana uku a kan iskar oksijin kafin ya dawo hayyacinsa, kuma har bayan wata biyu ogansa ya ce mini yana yawan mantuwa, a aike shi abu biyu ya dawo da ɗaya.

Na gaji da ganin irin wannan, wallahi na gaji. Na ga manomin rani daga wajen dam ɗin Sabke da ya jawo inji bakin bukka ya toshe ƙofa da buhu. Na ga mai cajin waya da ke kwana cikin kwantenarsa, ya kulle kansa da jan, wato janareta, don a gama cajin wayoyin mutane kafin safe. Shi wannan ba mu same shi da rai ba, Allah ya jiƙansa, makwabtan shago ne suka ɓalle ƙofa da hantsi. Lokacin Sallar Gani, da gari ke cika da baƙi, na ga gidan da aka jera samari bakwai a ɗakin zaure, janareta na aiki a soron da ke manne da su, da safe duka bakwai ɗin suka tashi da ciwon kai da jiri, uwar gida tana ta zargin zoɓon da aka sha. Wurare daban, mutane daban, amma ɗabi'ar guda ce: a shigo da janareta inda ake kwana, ko a manna shi da wurin, sannan a rufe.

Ku fitar da shi waje. Maganar tawa ke nan, sauran duk ƙarin bayani ne.

Ba zan cika ku da turancin likita ba. Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Baƙin hayaƙin da kuke gani yana warin mai daban, ita daban. Idan ta shiga jini tana kama gurbin oksijin, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ba ya jin komai. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa, to a ɗakin da jan ke aiki ƙanin ne ke miƙa ka hannun yayan.

Na san amsoshinku, don na sha jin su a bakin gadon marar lafiya.

Na farko ɓarayi. Ban ce babu su ba, ni ma an taɓa ɗauke mini injin niƙa a tsakar gida. Amma tsakani da Allah, nawa ne sarƙa da kwado? Ka ɗaure jan ɗin a gindin bedi, ko a turke, ko ka haƙa rami ka kafa ƙarfe da siminti in wurin zamanka ne na dindindin. Ku 'yan tirela da ke kwana rukuni-rukuni, ku haɗa kuɗi ku ba maigadi ɗan wani abu, a jera injinan wuri guda nesa da motoci. Kuma in ma an sace, ana sayen wani a kasuwa. Yaron mutane da aka ba ka amana daga ƙauyensu, a wace kasuwa za ka sayo wa uwarsa madadinsa?

Na biyu ƙara, kuma a nan nake so in daɗe, don wannan uzurin mutanen kirki ne ke kawo shi. Wani bawan Allah ya ce mini, "Malam, kunyar makwabta nake ji, akwai tsoho marar lafiya a bayan katangata, shi ya sa nake shigar da shi ɗakin ajiya in ja ƙofa." Na ce Alhaji, niyyarka kyakkyawa ce, Allah ya ba da lada, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ɗakin ajiyar nan bango ɗaya ne da ɗakin 'ya'yanka, kuma saman bangon a buɗe yake ƙarƙashin kwano. Ƙarar da ka ɓoye wa makwabci, gubarta ka tura wa iyalinka.

Ƙara tana da magani ba sai an rufe inji ba. Nisa shi ne na farko: duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakaninka da inji a fili, ƙarar na raguwa sosai, kunnenka ma zai gaya maka. Sai wurin ajiyewa. Jan da aka ɗora a kan siminti, ko kan bodin mota, ko kan katako, rawar jikinsa ce ke ƙara masa amo. Ɗora shi a kan yashi da aka daidaita, ko kan tsohuwar robar ƙasan mota, ka ji bambanci nan take. Juya bakin salansa ya kalli fili, ba bango ba, ba kuma wajen mutane ba. Da yawa daga cikin janaretocin da ke hana unguwa barci salansarsu ce ta fashe ko kusoshi suka kwance, aikin da bakanike zai gama kafin ka shanye kofin shayi. A sauya baƙin mai a kan lokaci, a wanke fulogi, a share matatar iska, musamman cikin ƙurar hunturu. In kana son katanga, jera bulo ta gefen da ke fuskantar masu barci kawai, ka bar sama da sauran ɓangarorin a buɗe, da tazara tsakanin bulon da injin. Kada ka kifa masa kwali, kada ka lulluɓe shi da bargo ko tamfol yana aiki. Na ga wanda ya yi haka, bargon ya kama da wuta.

Sannan akwai maganin da ba ya cin ko sisi: kashe shi. A Amurka mutane na jan wasu ƙananan tireloli masu ɗaki da gado da kicin a ciki, su tafi daji shan iska su kwana, kowa da ɗan janaretansa. A wuraren shaƙatawar da gwamnatinsu ke kula da su akwai lokacin da ake kira na shiru, galibi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ba a yarda ka dami na kusa da kai da inji ba. Mu da addininmu ya ɗora mana haƙƙin makwabci tun kafin a ƙera janareta, ai mu ya fi kamata. Yi cajinka tsakanin magariba da lisha, cika fitilar caji da fankar caji, ƙarfe goma ka kashe. Da tsadar da fetur ya yi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, aljihunka ma zai gode maka. Mai hali ya nemi irin janaretan nan mai inbata, rufaffen jiki, wanda ke rage gudu idan kaya sun yi sauƙi, ƙararsa ba ta fi ta hirar mutane ba sosai. Amma ku ji ni da kyau, rashin ƙara ba rashin guba ba ne. Ni har na fi jin tsoron marar ƙarar, don shi ake mantawa yana aiki a kwanta kusa da shi.

Na uku, "ai wayata gajera ce." Haba don Allah! Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce a nisanta janareta ƙafa 20 aƙalla, wato kamar mita 6, daga ƙofa da taga da duk wata kafar iska. Ni ce wa mutane nake su ƙirga taku goma na babban mutum, don kada a yi ta ciniki da ni a kan tazara. Sayi waya mai kauri mai tsawon haka, ba 'yar siririyar nan ja da baƙi da ake ƙulla wa leda a mahaɗa ba, wadda ke zafi a hannu. Kuɗin wayar bai kai kuɗin daren farko a asibiti ba.

Akwai kuma masu cewa sun bar taga a buɗe, ko sun kunna fanka, ko a baranda yake ba cikin ɗaki ba. Duk bai wadatar ba. Zaure ciki ne. Gareji ciki ne ko da ƙofarsa a wangale take. Ƙarƙashin tirela ciki ne, kuma wanda ya kwana a kan mota, wato cikin ɗakin direba, jan na aiki a ƙasansa, hayaƙin na hawowa ta kowace kafa. Rumfar biki da aka zagaye da tamfol ciki ce. Lungun da ke tsakanin katanga biyu, inda taga ke buɗewa a kansa, shi ma haka. Kuma tunda muna kan maganar, kaskon gawayi da iyayenmu mata ke shiga da shi ɗakin mai jego a rufe ƙofa saboda sanyi, gubar nan ce dai yake fitarwa. Mai ciki da jariri da tsoho su ta fi saurin kayarwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓata lokacin da ake yi bayan abin ya faru. Mutum biyar su tashi a ɗaki ɗaya da ciwo iri ɗaya, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a nufi kemis. Wasu su ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a ƙara rufe ɗakin a turara hayaƙi a kan wanda hayaƙi ya kayar. Wasu su ce an sa musu wani abu a abinci, a fara kallon kishiya. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma da ita nake fara aiki, amma a yi ta a hanyar asibiti. Zazzaɓi ba ya kama gida guda cikin dare ɗaya ya kuma sassauta da zarar an fita tsakar gida. In kun ga haka, ko kun ga kyanwa ko kajin da ke wurin su ma sun yi laushi, ku waiwayi janareta. 'Yan'uwana ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis, ku ma ga taku: ɗan abin nan da muke maƙala wa yatsa don auna oksijin yana iya nuna lafiya lau alhali jini cike yake da gubar, don ba ya bambance su. Ku yi tambayar da na yi wa direban nan, ina kuka kwana, mene ne ke aiki kusa da ku.

In abin ya faru, ga shi a gurguje:

- Riƙe numfashinka, buɗe ƙofa ko yaye tamfol, kashe injin, kada ka tsaya a ciki.
- A fito da kowa fili. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe saboda amai.
- Ba madara, ba manja, ba ɗura wa sumamme ruwa. Ba sa wanke wannan gubar, sai dai su shaƙe shi.
- A tafi asibitin da ke da oksijin, babban asibitin Daura ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina ga na kusa da can. Har wanda ya ce ya warware a tafi da shi. A iskar waje jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa bai fi awa ɗaya da rabi ba.
- A faɗa wa likita maganar janareta tun a bakin ƙofa.

Na yau da kullum kuma: kada a zuba fetur inji na aiki ko yana da zafi, a kashe a bari ya huce. Jarkar mai nesa da inji, nesa da murhun mai shayi, ba a ɗakin kwana ba. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, in damina ce a yi masa 'yar rumfa mai tsayi marar bango. Kada a cusa wayarsa cikin soket ɗin bango, a sa cenji-oba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da wutar gari. Akwai ɗan ƙararrawa mai batir da ke kuka idan gubar ta taru a ɗaki, mai iko ya saya ya rataya kusa da gado, amma ba lasisin shigo da jan ba ne.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi, da masu unguwanni, da sarakunan noma na wuraren ban ruwa. Ni ina ɗakin magani, sai abu ya lalace ake kawo mini. Ku kuke wurin da dare. A sa mutum ɗaya ya riƙa zagayawa da tocila bayan ƙarfe goma, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. In ya ji inji na ruri a bayan tamfol ko cikin kwantena a rufe, ya buga, ya tashe su, ko da za su zage shi, kada ya bar wurin sai an ja shi taku goma.