Karawar Ces ta Gasa Tsakanin 'Yan Wasa Masu Maki

Karawar ces (chess) ta gasa wasa ce tsakanin mutum biyu da sunayensu ke cikin jerin maki na FIDE, hukumar ces ta duniya da aka kafa a Paris a shekarar 1924. Ana buga ta a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16, kuma mai farare ne ke fara tafiya.

Wanda ya saba da darar gargajiya da ake yi a ƙasar Zuru da sauran sassan Kebbi, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowa, inda 'yan kallo kan tsoma baki yadda suka ga dama, zai tarar da zauren gasa shiru. Duk ɗan da mutum ya taɓa da gangan dole ya tafi da shi matuƙar doka ta ba da hanya, sannan ya danna agogo da hannun da ya yi tafiyar, ya rubuta ta a takarda da haruffa a zuwa h da lambobi 1 zuwa 8 da ke nuna gidajen allo. A manyan gasanni kowa kan sami minti 90 don tafiya 40 na farko, sai ƙarin minti 30, da daƙiƙa 30 a kan kowace tafiya. Nasara maki ɗaya ce, kunnen doki rabi.

Tsarin auna ƙarfin 'yan wasa, wanda makinsa daban ne da makin nasara a gasa, na Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziks haifaffen Hungari da ya zauna a Amurka, kuma FIDE ta karɓe shi a 1970. Adalcin tsarin shi ne yana duba wanda aka kayar, ba yawan nasara kaɗai ba. Wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamakon wasanninsu, don haka kunnen doki ma asara ce a gare shi, riba ga na ƙasa. Idan ƙarfi ya zo ɗaya, baligin ɗan wasa da ya daɗe a jerin amma bai taɓa kai maki 2400 ba yakan ƙaru da maki 10 in ya ci, ya rasa 10 in aka ci shi.

Muƙamin babban gwani (Grandmaster) na FIDE yana buƙatar kaiwa maki 2500 tare da wasu sharuɗɗa. Magnus Carlsen na Norwe ya kai 2882 a 2014.