Waiwaye: Daga gobarar Landan zuwa lambar 112

A watan Nuwamban 1935 gobara ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole a Landan, mata 5 suka rasu. Wani maƙwabci ya ɗaga waya zai kira 'yan kwana-kwana, to amma a zamanin sai ma'aikacin gidan waya ya haɗa ka, shi kuwa aka bar shi yana jiran layi wuta na ci. Takaici ya sa ya rubuta wa jaridar The Times, maganar ta yi ƙarfi har gwamnati ta sa aka yi bincike. Ranar 30 ga Yunin 1937 aka buɗe lambar kiran gaggawa ta 999 a Landan.

An yi tunani wajen zaɓen lambar. Wayoyin lokacin na juyawa da yatsa ne, kuma 9 tana kusa da makarin yatsan, ko cikin duhu da hayaƙi mutum zai lalubo ta. An guje wa 111 domin idan iska ta gwara wayoyin kan turaku, layin kan iya buga ta da kansa.

Amurka ta yi jinkiri, sai ranar 16 ga Fabrairun 1968 aka yi kiran 911 na farko a garin Haleyville na jihar Alabama. Turai, inda kowace ƙasa ke da lambarta, ta amince da 112 a 1991. Da aka sa ta cikin tsarin GSM sai ta bi wayar salula ta zaga duniya: tana shiga ko wayar na kulle, ko babu kuɗi a cikinta. Wannan 112 ɗin ce Najeriya ta ɗauka, hukumar sadarwa ta NCC ta gina cibiyoyin amsa kira a jihohi. A Nijar kuwa an fi sanin 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana, irin na Faransa.

A ganina sanya lamba shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen gano inda mai kiran yake. Wayar girke tana da adireshi, salula ba ta da shi, shi ya sa ƙasashen Turai da dama suka koma tsarin da wayar ke aika wa cibiya wurin da take da kanta. A lungunanmu kuwa, uwa da yaro a hannu yana suma, sai dai ta yi kwatance: bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi. Kafin direban motar asibiti ya gane, sau da yawa maƙwabta sun riga sun tare mai adaidaita.