Me ake nufi da "dam mai babban haɗari"?

Amurka na da rajistar madatsun ruwa wadda sashen injiniyoyin sojan ƙasar ke riƙe da ita, kuma akwai dam sama da 90,000 a ciki. Kaɗan ne ƙattai irin Kainji. Mafi yawa tudun ƙasa ne da aka dandaƙe aka tare wani ɗan rafi da shi, ruwa ya taru ya zama tafki, mutane na zuwa kamun kifi da ninƙaya da yawo a kwalekwale. Fiye da rabinsu ma ba na gwamnati ba ne, na manoma ne da ƙungiyoyin unguwa da makarantu. A gaban sunan kowane dam ana rubuta ajinsa: ƙaramin haɗari, matsakaici, ko babba. A nan ake yawan yi wa kalmar gurguwar fahimta.

Wanda ya ji an ce dam mai babban haɗari, abin da zai fara zuwa masa shi ne dam ɗin ya kusa fashewa. To, ajin bai ce komai a kan lafiyar bangon ba. Tambaya ɗaya yake amsawa: in ya ɓalle, wa ruwan zai tarar a gabansa? In ana ganin za a rasa rai, ko da na mutum ɗaya ne, babban haɗari ke nan. In ɓarnar ta hanya ce, ko gada, ko bututun ruwa, ko dukiya mai yawa amma ba a sa ran mutuwa, matsakaici ne. In kuwa asarar ba za ta wuce gonar mai dam ɗin ba, ƙarami ne. Saboda haka sabon dam garau, wanda aka gama ginawa bara, yana iya zama mai babban haɗari don kawai akwai gidaje a ƙasansa, yayin da wani tsoho da ke yoyo a dokar daji yake zaune a ajin ƙarami.

Lafiyar jikin dam kuwa ma'auninta daban: mai gamsarwa, mai dama-dama, mai rauni, ko wanda bai gamsar ba sam. Abin da ke hana injiniyoyi barci shi ne haɗuwar biyun, wato dam mai rauni da mutane ke kwana a ƙarƙashinsa.

Wani abin lura, aji yana canzawa ba tare da an taɓa dam ɗin ba. An gina shi lokacin da babu kowa a kwarin sai shanu. Shekara 40 ta wuce, gari ya faɗaɗa, an yanka filaye a bakin rafi. Bangon yana nan yadda yake, amma yanzu ya hau ajin babba, kuma doka za ta nemi ya iya jure ambaliyar da ba a gina shi dominta ba. Mai dam ɗin sau da yawa ba shi da kuɗin gyaran.

Wanda ya fi nuna yadda abin yake shi ne dam ɗin Kelly Barnes a jihar Jojiya. Tsayinsa kimanin ƙafa 40 ne, na ƙasa, a saman kwalejin koyar da Baibul ta Toccoa Falls. Da can ana samar da lantarki da shi, daga baya aka bar tafkin don shaƙatawa kawai. Bishiyoyi sun tsiro a jikin bangon. Bayan kwanaki ana tafka ruwan sama, a daren 6 ga Nuwamba 1977, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, sai ya ɓalle. Ruwan ya faɗa kan gidajen ɗalibai masu iyali suna barci, mutum 39 suka mutu, yara da yawa a ciki. Shugaba Jimmy Carter, wanda ɗan jihar ne, ya sa injiniyoyin soja su duba madatsun da ba na gwamnatin tarayya ba. Aka duba kusan 9,000, aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci. Jojiya kanta ta yi dokar kula da madatsu a 1978.

Me mai duba dam yake nema in ya zo? Yakan bi bayan bangon a ƙafa, gefen da ba ruwa. Kowane dam na ƙasa yana ɗan naso, wannan ba laifi ba ne. Sai ya tsuguna inda ruwa ke tsattsafowa ya ɗiba a kwalba ya ɗaga wa rana. In ruwan garau yake, da sauƙi. In ya ga laka ko yashi na kwanciya a gindin kwalbar, to ruwan yana kwasar cikin bangon yana fita da shi, yana haƙa rami daga baya zuwa gaba kamar yadda gara ke cin azara. Irin wannan zaizayar ciki ce ta rushe dam ɗin Teton a jihar Aidaho a watan Yunin 1976, tun ana cika shi karon farko.

Sannan ya duba bishiyoyi. Ni kaina na daɗe ina ganin inuwar bishiya a kan dam ado ce, ashe saiwarta in ta ruɓe hanya take bar wa ruwa, in iska ta tuge ta kuma sai ta ɗauke ɓangaren bango. Ciyawa gajera da ake yankewa ita ake so. Ya duba ramukan dabbobi, da tsagewa, da inda ƙasa ta lotsa a saman. Daga ƙarshe ya je mafitar rarar ruwa ya ga ko itatuwa da shara sun toshe ta, domin bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Da zarar ya tsallaka, cikin sa'o'i kaɗan ya yanka shi.

Dam ɗin da ke ajin babba ana duba shi akai-akai, kuma a yawancin jihohi dole mai shi ya rubuta tsarin gaggawa: taswirar inda ruwa zai bi, gidajen da za a fara ƙwanƙwasawa, da lambobin waɗanda za a kira ko da tsakar dare ne. Mutanen Kano da suka ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988, shi ma na ƙasa da wurin shaƙatawa a bakinsa, sun san amfanin a ce akwai wannan takarda tun ruwa bai taso ba.