Tsargiya: me masana ke nema a kundin halittar tsutsarta?

Duk wanda ya tashi a bakin ruwa, ko Yauri, ko Argungu, ko gonakin rani na Bakolori, ya san yaron da ke fitsarin jini. Tsargiya ke nan.

Me ke kawo ta?

Wata tsutsa ce, Schistosoma. 'Ya'yanta kan fito daga katantanwa, su huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, su girma a jijiyoyin jini. Ƙwayayen da take sakawa su ke yi wa mafitsara rauni.

Su waye masu karɓar saƙo a jikinta?

Su ne abin da masana ke nema. Wasu sinadarai ne da ke zaune a bangon ƙwayoyin jikinta kamar sarakunan ƙofa. Saƙo zai zo, su karɓa, su isar ciki: motsa, ci, saka ƙwai. Macen ma ba ta balaga sai ta manne da namiji ta samu saƙonsa. In aka rikita mai ƙofa, gari ya rikice.

Ina kundin halitta ya shigo?

Kundin halitta, ko kundin gado, shi ne bayanin yadda aka gina jikin tsutsar, wanda take gada daga iyaye. A da lalube ake yi wajen neman magani. A 2009 aka karanta kundin gadon wani nau'in tsutsar mai suna Schistosoma mansoni, a 2012 kuma na nau'in haematobium, wadda ke sa fitsarin jini. Yanzu da kwamfuta ake zaƙulo ƙofofin, a ware waɗanda suka bambanta da na ɗan Adam, don magani ya bugi tsutsa ya bar mai jinya.

An ga amfani kuwa?

Ƙwarai. Praziquantel, ƙwayar da ake raba wa 'yan makaranta, an yi kusan shekara 40 ana shan ta ba a san takamaiman inda take bugu ba. Sai a 2019 masana a Amurka suka gano wata ƙofa mai suna TRPM: maganin ne ke wangale ta, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, tsutsa ta sandare. Nan kuma aka gane dalilin da ya sa ba ya kashe tsutsar hanta, wadda mahauta ke gani a hantar shanu. Tubali ɗaya tak ya bambanta a tata ƙofar.

Me ya rage?

Abin da ke damuna shi ne, magani ɗaya muka dogara da shi, kuma bai cika kashe tsutsar da ba ta gama girma ba. Tunda an san ƙofar, ana iya duba tsutsotsin ruwayenmu a ga ko sun fara bijirewa, a kuma nemi magani na biyu a sauran ƙofofin.