Waiwaye: Yadda tsofaffin faya-fayan jaz na Faransa suka yi ta dawowa kasuwa

Duk wanda ya buɗe manhajar sauraron kiɗa ya nemi sunan Django Reinhardt, fitaccen makaɗin jitar jaz a Faransa, zai tarar da kiɗa guda an fitar da shi sau da yawa, kowanne da bangonsa, kuma kusan kowanne an rubuta masa cewa an gyara sautinsa. In ya saurara sai ya ji abin ya sha bamban. Wani yana ta ƙarar ƙas-ƙas amma jitar na da rai, wani kuwa an share shi tas, sai dai kiɗan ya dushe kamar daga bayan bango ake jiyo shi. Asalin wannan bambanci yana cikin yadda aka ɗauki kiɗan tun farko, da kuma hannayen da ya bi kafin ya iso kunnenmu.

Faransawa sun fara jin kiɗa irin na jaz sosai ne a 1918, lokacin da rundunar sojojin Amurka baƙar fata ta sauka a ƙasar da makaɗanta ƙarƙashin James Reese Europe. A 1932 masoya jaz suka kafa ƙungiyar Hot Club de France, bayan shekara biyu kuma aka haɗa rukunin makaɗa biyar da sunanta: jita uku, goge na Turawa, da babban goge mai kaurin murya, babu ganga ko ɗaya. Stéphane Grappelli ne ke goge, Django kuma ke jan ragamar jita, shi da gobarar 1928 ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu. A Disambar 1934 suka yi faya-fayansu na farko a kamfanin Ultraphone. A wancan zamani babu tef. Allura ce ke sassaƙa sautin kai tsaye a kan kakin zuma, daga nan a yi kwafin ƙarfe, a buga faifan garmaho mai juyi 78 a minti, kowane gefe ba ya wuce kimanin minti uku. In makaɗi ya yi kuskure, sai dai a sake daga farko.

Mutumin da na ɗauka duk wannan harka ta sake fitar da faya-fayai ta fi cin moriyarsa bai taɓa zama injiniyan sauti ba. Charles Delaunay ne, ɗan shahararrun masu zanen nan Robert da Sonia Delaunay. A 1936 ya wallafa Hot Discography, littafin da ya bi faya-fayan jaz ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wa ya kaɗa me, a wace rana, a wane gari, da lambar da aka sassaƙa a jikin faifan kusa da takardar tsakiya. Wannan ƙaramar lamba ita ce ke nuna ko ɗauka ta farko ce ko ta biyu. Ba don irin wannan aiki ba, da masu tattara kiɗan bayan shekara sittin sun yi ta lalube a duhu. A 1937 Delaunay ya kafa Swing, ɗaya daga cikin kamfanonin farko a duniya da suka keɓe kansu ga jaz kaɗai, kuma faifansa na farko ya haɗa Amurkawa biyu, Coleman Hawkins da Benny Carter, da Django da wasu Faransawa masu busa saksofon.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tef ya shigo, dogon faifai, wato faifan roba mai ɗaukar kiɗa da yawa a kowane gefe, ya biyo baya. An kafa kamfanin faya-fayai na Vogue a 1947, Eddie Barclay ma ya buɗe nasa kamfani, Paris kuma ta cika da makaɗan Amurka, da yawansu baƙar fata da suka sami mutuncin da ba su samu a gida ba. Sidney Bechet ya zauna a Faransa har rasuwarsa a 1959. Clifford Brown ya zo a 1953 cikin tawagar Lionel Hampton, wanda ya hana yaransa yin faifai da kowa, suka riƙa sulalewa suna shiga ɗakin ɗaukar sauti a ɓoye. Thelonious Monk ya yi faifansa na fiyano shi kaɗai a 1954, Chet Baker ya yi wa Barclay aiki a 1955. Ashe abin da ake kira jaz na Faransa rabinsa baƙi ne suka kaɗa, amma Faransawa ne suka ɗauka suka adana.

Zagaye na farko na sake fitarwa ya zo ne da dogon faifai, kuma nan aka fara ɓarna da sunan gyara. Don a kashe ƙarar tsohon garmaho sai a yanke duk siririn sautin sama, ya tafi da ƙarar, ya tafi da hasken gogen Grappelli. Wasu suka ƙara amsa-kuwa, wasu suka raba sautin da aka ɗauka ta hanya ɗaya zuwa lasifika biyu don a ce na zamani ne. Da faifan CD ya zo a shekarun 1980, kwamfuta ta shigo da manhajojin share ƙara irin su NoNoise da CEDAR. Kayan aiki ne masu kyau, amma a hannun mai gaggawa sai garin neman gira a rasa ido. Bugun farko da Django ke yi wa tsirkiya kaifi ne da shi, gajere kuma, ya yi kama da ƙas ɗin da tabon faifai ke yi. In aka matsa wa manhajar, sai ta ɗauke su duka biyun.

Aikin gwani ya fi haka ɗaukar lokaci, kuma yawancinsa ana yin sa ne kafin a taɓa kwamfuta. Zai fara da neman kwafi mafi lafiya, ko da sai ya aro daga wani tsohon mai tara faya-fayai. Ya wanke shi. Sannan ya gwada allurai masu kauri daban-daban, domin allurar ƙarfe ta garmaho ta riga ta cinye wani sashe na bangon ramin, wata allurar kuwa tana iya zama sama ko ƙasa da wurin da ya lalace, ta taɓa inda ba a taɓa ba. Sai batun gudu: ba kowane faifai ne aka sassaƙa a daidai juyi 78 ba, don haka yakan daidaita shi har sautin fiyano ko goge ya koma mazauninsa. Bayan wannan duka ne yake cire tabo ɗaya ɗaya, ya bar ɗan shuuu ɗin da ba zai fita ba sai da jinin kiɗan.

Faifan da ya fi nuna mini yadda ya kamata a riƙe wannan amana shi ne wanda makaɗin jaz ɗan Amurka Miles Davis ya yi wa fim ɗin Louis Malle, Ascenseur pour l'échafaud. A daren 4 ga Disamba 1957 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Paris tare da Barney Wilen, René Urtreger, Pierre Michelot da Kenny Clarke, ana haska musu sassan fim ɗin suna kaɗawa nan take. Faifan da kamfanin Fontana ya fitar a 1958 an lulluɓe shi da amsa-kuwa, kuma haka duniya ta san shi shekara talatin. Da aka sake fitar da shi a CD a 1988, sai aka sa wancan yadda yake, aka kuma ƙara da ɗaukar daren kamar yadda take a tef, ba amsa-kuwa, har da gwaje-gwajen da ba a yi amfani da su ba. Ba a zaɓar wa mai sauraro ba, an ba shi duka biyun.

Doka ma ta taka rawa babba. A Turai haƙƙin kamfani a kan sautin da ya ɗauka shekara 50 ne a lokacin, bayan haka kowa na iya bugawa. Wannan ya buɗe ƙofa ga ƙananan kamfanonin Faransa masu kishin abin. Classics na Gilles Pétard ya fara a 1989 yana jera faya-fayan kowane makaɗi bisa tsarin shekaru. Frémeaux & Associés, wanda aka kafa a 1991, ya tattara duk abin da Django ya bari cikin kundi 20, kowanne da CD biyu, ƙarƙashin kulawar Daniel Nevers, har da abin da aka ɗauka a rediyo. A 2000 kuma babban kamfanin Universal ya buɗe taskarsa da jerin Jazz in Paris, fiye da CD ɗari masu araha, daga tef ɗin Barclay da Philips da Fontana. Sai dai ta wannan ƙofa ce 'yan cin bulus suka shigo, masu kwafe CD ɗin da wani ya sha wahala a kansa, su sauya bango su karya farashi. Yawancin tarkacen da ya cika manhajojin sauraro daga nan ya fito, kuma abin na ba ni takaici, domin mai sauraro sabo ba shi da yadda zai gane. Tarayyar Turai ta ƙara wa'adin zuwa shekara 70 a 2011, dokar ta fara aiki a 2013, amma ba ta koma baya ba, don haka abin da ya fito kafin 1963 ya ci gaba da zama na kowa.

Yanzu da faifan roba ya farfaɗo, masu saye sun fara tambayar daga ina aka ɗebo sautin, daga tef na asali ko daga kwafin kwafi. Sam Records, wanda Fred Thomas ya kafa a Paris a 2011, ya yi suna ne da komawa ga tef na asali, da izinin masu shi, da hotunan Jean-Pierre Leloir. A cikin irin wannan tono ne, ana neman kayan Barney Wilen a cikin ajiyar marigayi Marcel Romano, mai shirya faya-fayan jaz, aka ci karo da tef ɗin da Monk ya ɗauka a New York a Yulin 1959 don wani fim na Roger Vadim. Bai taɓa fita a faifai ba sai a 2017, shekarar da Monk zai cika ɗari da haihuwa.