Jan Giyar Inabi Daga Ɓawo Yake Fitowa

An daɗe ana ɗauka cewa jar giyar inabi ja ce saboda ruwan inabin ja ne tun daga kan reshe. Ba haka ba ne. Ka matse baƙin inabi irin Sangiovese, wanda iyalan Antinori na yankin Toskana a Italiya ke nomawa (gidan yana cikin wannan sana'a tun 1385), ruwan da zai fito kusan fari ne tas.

Launin a ɓawo yake. Bayan an farfasa 'ya'yan, sai a bar ruwan da ɓawon tare a cikin tanki, kwanaki ko makonni, yana tsima yana zuƙe ja kamar yadda zoɓo ke rina ruwa. Ɓawon kan taso sama ya yi kauri, ma'aikata su riƙa danna shi ƙasa. Daga nan ne ma baurin da ke kama harshe yake shiga.

In aka raba ruwan da ɓawon da wuri, giyar fara za ta fito. Shi ya sa ake iya yin shamfen na Faransa, wata farar giya mai kumfa, da baƙin inabi Pinot Noir. Akwai dai 'yan tsiraru, irin Saperavi na ƙasar Jojiya, da tsokarsu ma ja ce.