An gama ganawar bizar aure ta Amurka, sai shiru: me ake ciki?

Miji yana Amurka, mata ta je ƙaramin ofishin jakadancinsu a Legas, inda ake ganawar 'yan Najeriya masu neman bizar ƙaura. Ta amsa tambayoyi, ta dawo gida da takarda guda, ba biza. Ga abin da masu irin wannan jira suka fi tambaya.

Takardar da aka ba ni an rubuta 221(g). An hana ni ke nan?

Ba a rufe ƙofa ba tukuna. Wannan sashe ne na dokar shige da fice ta Amurka, ma'anarsa jami'in bai gamsu ya ba da biza a ranar ba. Jiran kuma iri biyu ne, takardar ce za ta nuna miki wanne ne naki. Idan an yi alama a kan wani abu da ya rage, kamar takardar aure ta asali, shaidar 'yan sanda ko takardun harajin maigida, to aiki na hannunki, kuma kina da shekara 1 ki kai. Idan kika bari ta wuce, ana iya soke neman gaba ɗaya. Idan kuwa an ce ana ƙarin bincike, sai dai jira, ba abin da za ki kai face sun nema.

Amma shafin CEAC, inda ake duba matsayin neman biza a intanet, yana nuna "Refused", wato an ƙi.

Nan ne hankalin mutane ke tashi. Tun 2020 haka shafin yake rubuta wa duk wanda ke ƙarƙashin 221(g), har da wanda ake dab da bai wa biza. Kalmar da kike jira ita ce "Issued", wato an bayar. Sauyin kwanan wata a shafin kuwa ba albishir ba ne, yana iya zama wani ma'aikaci ne kawai ya buɗe fayil ɗin.

Har yaushe zan jira?

Doka ba ta yanka wa'adi ba. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kan ce a bari kwana 180 su cika, daga ranar ganawa ko ranar miƙa takardun ƙarshe, kafin a tuntuɓe su, sai in da larura ta gaggawa kamar rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa. Wasu ana aiko musu da fom DS-5535, mai tambayar tafiye-tafiye, adireshi da wuraren aiki na shekara 15, da lambobin waya na shekara 5. A cike shi a natse, har Umara da Hajji a saka. Abin da aka ɓoye ya fi abin da aka faɗa jawo matsala.

Mene ne a aurenmu na gida zai iya sa su shakka?

Abu biyu. Na farko, auren da aka ɗaura ango na can, wakilinsa ya karɓa a masallaci. A wurinmu aure ya ɗauru sarai, amma dokar Amurka ba ta lissafa shi sai ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Hatimin shigowa a fasfon miji, tikiti da hotunan tarewa su ne shaida. Na biyu, kishiya. Amurka ba ta amince da mace fiye da ɗaya ba, don haka in akwai uwargida kuma auren bai mutu ba, amarya ba za ta samu bizar aure ba. In ya mutu, sai an ga takardar saki. Idan jami'in bai yarda da auren ba, yakan mayar da fayil ga USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, ita kuma ta rubuta wa miji ya kare kansa.

Maigida zai iya yin wani abu daga can?

Yana iya roƙon ofishin ɗan majalisar mazaɓarsa ya tambaya masa, ba a biyan ko sisi. In jira ya yi tsawo ƙwarai, lauya na iya shigar da ƙara don kotu ta tilasta a yanke hukunci, sai dai hukuncin na iya zama a'a. A 2024, a shari'ar Muñoz, Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin dole sai an shigo masa da abokin aurensa ba. Shi kuwa dillalin da ke cewa yana da mutum a ciki, kuɗinku kawai zai ci.

In fara haɗa kaya?

Kada ki sayar da gado da kujeru, kada ki ajiye aiki, kada a yanki tikiti sai fasfo ya dawo da biza a manne. Ki lura da gwajin lafiya, wanda yawanci sakamakonsa wata 6 yake aiki. In ya ƙare sai an sake, da sabon kuɗi. Jinkirin ma yana da ɗan amfani: in aure ya cika shekara 2 kafin ranar da kika shiga Amurka, katin zama na shekara 10 za a ba ki, maimakon na shekara 2 mai sharaɗi.